Hannun Riga Mai Hawa Uku

Har yanzu in ɗan acaɓa ya rage gudu a bayana, sai tsoro ya kama ni. Ba na waiwayawa. Nakan matsa gefen hanya in sunkuya kamar mai gyara takalmi har ya wuce. Mama ta ce zai sake ni a hankali, yadda zazzaɓi yake sakin jiki. Ina nan ina jira.

A Jikwoyi muke zaune, ƙetaren rafi, a gidan haya na wata tsohuwa 'yar Gbagyi da kowa ke ce wa Kaka. Babana direba ne a wani ofis cikin gari, da ya idar da sallar asuba yake fita ya tari motar ma'aikata a bakin titin da ya tashi daga Nyanya zuwa Karshi. Mama a bakin titin nan take suyar waina. Ni kuwa da na gama sakandare ba a samu halin ci gaba ba, sai aka kai ni koyon ɗinki shagon Madam, wata mata 'yar kudancin Kaduna wadda take iya yi maka faɗa da dariya a numfashi ɗaya. Saura 'yan watanni ta yaye ni, a yi mini abin da muke ce wa firidom, wannan abu ya faru.

Sai na fara da rafin, don ba don shi ba da maganar ba ta yi wa kowa wuya ba. Da rani ba za ka kira shi rafi ba, kwari ne mai yashi da ledoji, yara na buga ƙwallo a ciki. Amma da damina, ko a wani wuri can aka yi ruwan, sai ka ga ya taso ja wur yana ɗauke da rassan itace. Baba yakan ƙulle takalmansa na ofis a leda, ya naɗe wando, ya ƙetare. Ran da ruwan ya fi ƙarfi, motar ma'aikata ta tafi ta bar shi. A daminar da ta wuce kafin zaɓe, ina biye da Mama, ita da bahon ƙullu a ka, ni da tanda, ƙafarta ta zame a tsakiya. Na ga bahon ya yi gaba, na ga hijabinta ya buɗe a kan ruwa kamar laima, ita kuma ban gan ta ba. Wasu magina da ke jiran ruwa ya janye su suka faɗa suka kamo ta can ƙasa, wajen bishiyar gwaiba. Ta yi kwanaki tana tari. Ba mu cika tayar da zancen a gida ba.

Kansiloli da yawa sun yi alkawarin gada. Wanda muke ce wa Onarabul shi ne ya fara ta da gaske. Ya kafa ginshiƙai a gefe biyu, rodi a tsaye suna kallon sama, ya ce in an sake zaɓensa zai haɗa su kafin ruwa ya sauka. Saboda haka da ya raba wa matan mazaɓa atamfar anko ta taron kamfen, kusan kowane gida a ƙetaren rafi an karɓa. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye ruwan ɗorawa, babu hoton kowa a jiki.

Shi anko ka san yadda yake: yadi ɗaya, amma kowace mace tana so a ce nata ya fi. Ni kuma ga ƙuruciya, ga hannuna ya fara faɗawa da keke. Na zauna na ƙirƙiro hannun riga mai hawa uku, kowane hawa da tattara, na bi bakinsa da siririn baƙin leshi. Madam ta ɗaga rigar ta jujjuya ta, ta ce, "Ke, wannan yarinya za ta kwashe mini kwastomomi." Ranar taro na sa, na yafa gyale a kafaɗa ɗaya don hannun ya fito, aka ɗauke ni hoto, na ɗora a sitatus ɗin wayata. Mutane suka yi ta turawa. Daga baya na ji har teloli a Nyanya da Kurudu sun kwaikwaya. A lokacin daɗi na ji.

Ana saura kamar mako biyu zaɓe bidiyon ya fito. Gajere ne, daga lungun wani otal aka ɗauka. Onarabul ne, babu tantama, yana buɗe ƙofar ɗaki, hannunsa a ƙugun wata mace. Ita ta ba da baya, ba a ganin fuskarta ko kaɗan. Doguwa ce siririya, kamar ni. Tana sanye da shuɗiyar atamfar nan, hannun rigarta hawa uku da baƙin leshi.

Ni ban ma san da shi ba. Bayan la'asar Madam ta aike ni ƙetaren titi sayo zif da zare. Ina dawowa, wani mai acaɓa ya rage gudu a bayana, sai na biyu, sai na uku. Samarin ɗan takarar da ke hamayya da Onarabul ne, na san wasu daga cikinsu da fuska. Suka kewaye ni da baburan ba su kashe inji ba.

"Ita ce, wallahi ita ce."

"Amaryar Onarabul, ina gajiya?"

Ɗaya ya kawo mini waya dab da fuska. An haɗa hotona na sitatus da hoton matar, gefe da gefe, an zagaye hannayen rigar da jan layi. Wani ya ce, "Juya mu ga bayanki, mu tabbatar." Suka fashe da dariya. Kowa ya ɗaga wayarsa yana ɗaukata. Babu wanda ya taɓa ni, wannan gaskiya ce, kuma kullum nakan faɗa wa kaina haka. Ledar zare ta faɗi, ina kallon zare yana warwarewa ƙarƙashin taya.

Kaka ce ta fitar da ni. Daga gona take, da ƙwaryar doya a kafaɗa yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma rage tafiya ba. Ta shigo tsakiyarsu ta ce, "Ku ba ni hanya, kaya yana da nauyi." Ta kama wuyan hannuna da hannunta mai kaushi, muka wuce. Har gida ba ta sake ni ba.

Baba ya dawo ya tarar da labari ya riga shi. Ya zauna a bakin katifa bai ko cire hula ba. Ya tambaye ni sau ɗaya, na rantse masa, ya ce, "Ya isa. Na san ba ke ba ce. Ranar taron nan tare da uwarki kuka dawo, ni na buɗe muku ƙofa. Amma sanina ba zai rufe bakin unguwa ba." Sannan ya ce da an gama zaɓe hanya ta buɗe zai kai ni Funtuwa wurin Goggo, in zauna can har abin ya mutu.

Mama ta ce, "Malam, firidom ɗinta fa? Shekarunta nawa tana wahala a shagon nan."

Ya ce, "Keke ake ji ko mutunci?"

Na san in na tafi ba dawowa zan yi ba. Kuma tafiyar kanta amsa ce: kowa zai ce ga shi nan, sun ɓoye ta.

Daga ranar ban ƙara leƙa ƙofar gida ba. Na kashe waya na tura ta ƙarƙashin akwati. Ko banɗaki zan je sai na zura dogon hijabi. Labari yana shigo mini ta labule. Mutanen Onarabul suka kasu biyu, wasu suna cewa bidiyon ƙarya ne da kwamfuta aka haɗa, wasu suna cewa gaskiya ne amma tarko ne, 'yan adawa suka turo masa wata yarinya tela. Ko ta ina aka bi, a kaina ake sauka.

Tsakar gidanmu akwai bishiyar mangwaro, nan ake zama da yamma saboda zafi. Madam ta riƙa zuwa duba ni in ta rufe shago, daga nan sai muhawara ta tashi, ina kwance a ɗaki ina jinsu.

Baba ya ce liman ya yi magana ranar Juma'a, bai kama suna ba amma kowa ya gane. Wanda ya ci amanar matar da ke cikin ɗakinsa, amanar mazaɓa ba za ta yi masa nauyi ba.

Madam ta ce, "Oga direba, fastonmu ma haka ya faɗa, har da buga tebur. Amma ni ba miji nake nema ba, gada nake nema. Matarsa ta ja masa kunne, ni ya zuba mini kankare."

"To in ya saba shiga ɗakin da ba nasa ba, baitulmali ma ɗaki ne, Madam."

"Shi ɗaya ɗan takarar waliyyi ne? Ba a dai ɗauke shi bidiyo ba. Kai da kake jan manyan mutane a mota, in ka buɗe baki wa zai rage a Abuja?"

Baba ya yi 'yar dariya, abin da ban ji ya yi ba tun ranar. Ya ce direba kurma ne kuma makaho.

Kaka tana ɓare gyaɗa. Hausarta irin ta 'yan ƙasa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce lokacin da aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajen layinmu za a rushe, Onarabul ne ya yi ta zirga-zirga ofis har aka bar mu. "Ɗan iska ne, na sani. Tun yana ƙarami uwarsa yana kuka da shi. Amma gidana yana tsaye."

Mama ba ta cika sa baki ba. Sau ɗaya na ji ta ce, "Ni dai matarsa nake tausayi. Ta zo taro ta yi ta raba mana ruwa da hannunta."

Haka suka yi ta aunawa, gada a gefe ɗaya, zina a gefe ɗaya. Ba don ba sa sona ba, amma na lura ni ba na cikin ma'aunin. Kamar abin da ya same ni ruwan sama ne, ba wanda za a tuhuma.

Ana saura mako guda Onarabul ya shigo layinmu bi gida-gida. Na ji hayaniya da sallama, sai ga muryarsa a tsakar gida. Ya durƙusa wa Kaka har ƙasa, ya ce wa Baba Alhaji, shi da ko filin jirgi sai dai ya kai wani. Ya fara bayanin siminti da rodi, ya ce tirela tana hanya.

Madam ta katse shi. "Onarabul, mun ji gada. Akwai 'yata a ɗakin nan, rabonta da waje tun ran da bidiyonka ya fito. Kai ka san wadda ka shiga ɗaki da ita, mu ba mu tambaye ka ko wace ce ba. Ka tsaya a bakin titi ka ce ba wannan ba ce. Shi ke nan."

Kaka ta kira ni, "Jika, fito ya gan ka."

Na fito cikin hijabi, na tsaya jikin ƙofa. Ya dube ni. Har ga Allah na ga kunya a idonsa, kuma na ga bai ma taɓa sanina ba. Ya sa mutanensa suka koma waje, ya rage murya.

"Ƙanwata, ki yi haƙuri. Wallahi abin yana damuna." Ya juya wajen Baba. "Alhaji, ka duba matsayina. Mun riga mun ce bidiyon nan haɗi ne. In na fito na ce ba ita ba ce, na yarda akwai wata ke nan. Gobe za su buga shi ko'ina. A bari a wuce zaɓen ranar Asabar, ni da kaina zan gyara komai."

Baba ya ce, "Bayan Asabar tana Funtuwa, ranka ya daɗe."

"To ai hutu ne, ta ɗan huta. In ta dawo ni zan saya mata keke sabo."

Ya tsaya kaɗan, ya sake durƙusa wa Kaka, ya fita. Madam ta ɗauki jakarta ta tafi ko sallama babu.

Washegari da safe sai ga ta da mai kura, ya ɗoro kekunan shago guda biyu. Aka ajiye su ƙarƙashin mangwaro. Ta leƙo ɗaki ta yaye labule.

"Tashi, madam mai sitayil. Tunda kin ƙi zuwa shago, shago ya zo. Zo ki nuna mini yadda kika yanka hannun nan."

Na ce, "Madam, don Allah, ni ko ganinsa ba na son yi."

"Za ki gan shi har ya ishe ki. Ba da hannun riga suka gane ki ba? To bari mu ga yadda za su yi in kowa hannunsa ke nan."

Ta riga ta bi gidaje tun da sassafe. Ta gaya wa matan zumunta na cocinsu, Mama kuma, ashe da saninta, ta gaya wa matan Islamiyya. Ba anko za a sa ba, don ranar zaɓe ba a zuwa da abin da zai nuna ɓangare. Kowace mace ta kawo tsohuwar rigarta ta atamfa, ko wace kala, da ɗan guntun yadin da ya rage ko ɗankwalin, a farke hannun a sa mata mai hawa uku. Kyauta. Ko wa za ki zaɓa, ba a tambaya.

Ba kowa ta zo ba. Wata maƙwabciyarmu ta aiko a ce mata ita ba za ta sa rigar 'yan otal ba. Wata ta kawo, mijinta ya aiko a karɓo. Amma an zo. Ni nake yanka, Madam da wata mai koyo suna bi da keke, Mama tana farke tsofaffin hannaye da reza in ta dawo daga suya. Rana ta farko na ɓata yadin wata. Ta ce, "Ba komai, 'yata, hawa biyu da rabi ma ya isa." Baƙin leshi ya ƙare a shagunan bakin titi, aka koma sayowa daga Nyanya.

Mata in sun zauna jiran awo, muhawarar nan ce dai. Wata mai sayar da kifi ta ce ita mijinta ma ta haƙura da shi balle kansila. Wata malamar firamare ta ce irin wannan haƙurin ne ya sa suke raina mu. Aka tambaye ta to in ruwa ya zo ta ina za ta bi zuwa makaranta, ta ce ta inda ta saba bi. Har aka ɗan yi zafi, Madam ta buga almakashi a tebur ta ce duk mai son kamfen ta fita waje, nan hannu ake ɗinkawa. Kaka ta kawo wata riga da ta fi ni shekaru, ta ce a sa mata hawa huɗu, ita babba ce. Madam ta ce doka ta ce uku.

Baba yana dawowa da yamma ya tarar da tsakar gida cike da ƙyalle. Bai ce a daina ba, bai ce an kyauta ba. Jakar da zan tafi da ita tana nan a kusurwar ɗaki, shi da kansa ya sauko da ita daga saman kwaba.

Ranar Asabar gari ya yi tsit, babu mota babu acaɓa. Wannan ne zaɓena na farko, katina sabo fil, amma na ce ba zan je ba. Mama ba ta yi musu da ni ba, ta ci gaba da shiri. Na ɗaga kai sai na gan ta da gyale. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Mama ta fita ba hijabi har gwiwa ba. Ta yafa gyalen ya rufe kai da ƙirji, ta bar hannayen rigar a waje, kore mai hawa uku. Ta tsaya a gaban Baba kamar mai jiran hukunci.

Ya dube ta, ya daɗe. Ya ce, "Kin ɗauki katinki?"

Sai na tashi na sa tawa. Ba shuɗiyar ba, wata ja da Madam ta gyara mini.

Mun bi ta cikin kwarin rafi, ta gefen ginshiƙan da rodinsu ya fara tsatsa. A makarantar firamare ake jefa ƙuri'a. Tun daga nesa na hango layin mata. Ba duka ba, amma ko'ina ka duba ga hannun nan mai hawa uku: ja, kore, ruwan goro, a jikin masu ƙiba da sirara, tsofaffi da masu goyo, har da wasu da ban taɓa gani ba, waɗanda ba mu muka ɗinka musu ba. Na shiga tsakanin Mama da Madam, kaina a ƙasa.

Wanda ya ce in juya ya ga bayana yana wurin, da kati a wuya, wakilin ɗan takararsu ne. Na gan shi yana bin layi da ido, ya wuce ni, ya dawo, ya sake wucewa. Kaka ta lura. Ta ɗaga hannuwanta biyu sama, tattarar tana lilo, ta ce da ƙarfi, "Yaro, kana neman matan bidiyo? Ga ni nan. Ni ne. Kawo waya ka ɗauka."

Layi ya kwashe da dariya, har ɗan sandan da ke bakin ƙofa. Mai kifi ta ce, "Ƙarya ne Kaka, ni ce, ki bar mini saurayina." Wata daga baya ta ce a juya masa baya gaba ɗaya ya tabbatar. Suka kuwa juya, mata wajen goma, suna kaɗa hannu. Ya sunkuyar da kai yana ta latse-latsen takardun gabansa. Ni ban yi dariya ba. Amma na ɗaga kaina.

Da aka tantance ni aka ba ni takarda, na shiga bayan ɗan akwatin da ake ɓuya. Na zo da niyyar ba zan ba Onarabul ba. Ina jin muryarsa yana cewa ai hutu ne. Na duba alamar ɗaya jam'iyyar, sai na ji ƙarar baburan nan. Na tsaya da tawada a yatsa har ma'aikaciyar ta ce, "Sista, akwai mutane a baya." Abin da ya zo mini a lokacin ba otal ba ne, ba waya ba ce. Hijabin Mama ne a buɗe a kan jan ruwa, ita babu. Wannan tsoron ya girmi ɗayan. Na dangwala wa Onarabul, na ninke, na jefa. Ban yafe masa ba, ko a lokacin ko yanzu.

A hanyar gida Madam ta rataya hannu a wuyana. "Yau na rama miki. Na ba wancan mai kan kwakwar, ko sunansa ban riƙe ba. Gada ta sha ruwa."

Na kau da kai. Ta tsaya ta leƙa fuskata.

"Ke. Kar ki gaya mini."

Na ce, "Saboda Mama ne, Madam."

Ta dafe kai da hannu biyu a tsakiyar kwarin rafi. "Yesu! Ni na zubar da gadata saboda ke, ke kuma kin je kin ba shi? Kaka, kin ji 'yar banzar yarinyar nan?"

Kaka ta ce, "To ai kun yi daidai. Ɗaya ya biya ɗaya."

Baba bai ɓoye ba, ɗayan ya zaɓa, ya ce shi ba zai iya haɗa ido da liman ba. Mama har yau ba ta faɗa wa kowa nata ba.

Onarabul ya ci, da ƙyar. Bai tsaya a bakin titi ya wanke ni ba, keken ma ban gani ba, ban kuma sa rai ba. An zuba kankaren gadar bayan ruwan farko, gefe ɗaya har yanzu jar ƙasa ce aka cike, babu abin dafawa. Amma ana wucewa. Mama tana bi da bahonta a ka. Akwai waɗanda har gobe sun yarda ni ce, nakan gane daga yadda suke amsa gaisuwa. Hannun kuwa ya zama yayi, har a bikin aure ina ganinsa, wasu ma ba su san daga inda ya fito ba.

Ranar Lahadi bayan zaɓe ita ce ranar tafiya Funtuwa. Na wayi gari na zauna kusa da jaka ina jira. Baba ya yi wanka, ya karya, ya ɗauki rediyonsa ya fita gindin mangwaro. Azahar ta yi, la'asar ta yi, bai ce komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ranar Litinin da asuba, ya gama shirin ofis, ya kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"Ba kya zuwa shago ne yau?"

Na ce, "Zan je, Baba."

"To ki mayar da jakar nan sama, tana tare hanya."

Mama ce ta raka ni har ƙofar shago ranar, da washegari. A rana ta uku na ce ta bari, na tafi ni kaɗai, ta gefen hanya, ina jin kowane babur tun daga nesa.